Yadda ake riƙe dukiyar mutane a kamfanin zuba jari ba tare da an ci amana ba

A Katsina ba a rasa masu tara kuɗin jama'a domin a juya. Akwai ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da ake cire musu wani abu daga albashi duk wata, akwai 'yan kasuwar da ke haɗa jari su sayi masara a Bakori ko Dandume lokacin kaka su ajiye, akwai masu kiwon ragunan layya da kuɗin wasu, akwai kuma ƙananan kamfanoni da ke saya wa mutane hannun jari ko sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci. Yawancin waɗanda suka rushe a cikinsu ba ɓarayi ne suka kafa su ba. Mutanen kirki ne, amma an bar wa mutum ɗaya komai: shi ke karɓar kuɗi, shi ke zaɓar inda za a sa, shi ke rubuta lissafi, kuma kunya ta hana a tambaye shi. Wannan jagora ta waɗanda ke zaune a kujerun shugabanci ce, da kuma masu jari da ke son sanin abin da ya kamata su nema a gani.

Takardar CAC ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce

Kafin komai, a tantance wane irin izini ake da shi. Rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, tana nuna cewa kamfani ya wanzu a doka, iyakarta ke nan. Wanda zai karɓi ajiyar kuɗi kamar banki yana buƙatar lasisin Babban Bankin Nijeriya. Wanda zai tara kuɗin jama'a ya juya musu, ko ya yi dillancin hannun jari, ko ya ba da shawarar zuba jari a matsayin sana'a, yana buƙatar rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar zuba jari, wadda ke da hedikwata a Abuja da ofishin shiyya a Kano, kuma tana da jerin sunayen masu rajista a shafinta na intanet. Ƙungiyar gama kai kuwa da kuɗin mambobinta take aiki. Ranar da ta fara talla tana kiran duk mai so ya kawo kuɗi, ta fita daga hurumin takardarta.

Dokar zuba jari ta 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da tsarin da ake biyan tsofaffin shiga da kuɗin sababbin shiga. Irin wannan tsari ne MMM da ta tsaya a Disambar 2016, da CBEX da ta rushe a Afrilun 2025. A lura kuma cewa inshorar hukumar NDIC mai kare masu ajiya in banki ya rushe, wadda ke biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, ta ajiyar banki ce. Ba ta rufe jarin da aka ba wani kamfani ya juya. Duk ma'aikacin da ya bar mai kawo kuɗi ya tafi da zaton cewa gwamnati ta tsaya wa jarinsa, ya yaudare shi ko da bai furta ƙarya ba.

Raba hannuwa uku

Ba a ba kura ajiyar nama, amma mai tsoron Allah ma ba a yi masa adalci ba idan aka ɗora masa komai shi kaɗai, domin ranar da aka zarge shi ba shi da mai shaidarsa. Hannuwa uku ne dole su rabu: mai yanke shawarar inda kuɗi za su je, mai riƙe kuɗin ko kayan, da mai duba lissafi. A manyan asusun haɗin gwiwa da SEC ke kula da su, haka abin yake. Manajan asusu daban, bankin da ke ajiye kadarorin daban, amintaccen da ke wakiltar masu jari daban. Ƙaramin kamfani a Ƙofar Ƙaura ba zai iya ɗaukar nauyin wannan duka ba, amma zai iya kwaikwayon ƙashin bayansa:

Kuɗin masu jari su zauna a asusun banki na daban, da sunan kamfani, ba a haɗe da asusun albashi da hayar ofis ba, kuma ko kusa ba a asusun manaja na kansa ba. Fitar da kuɗi ya zama da sa hannu biyu daga rukuni biyu, ɗaya daga ma'aikata, ɗaya daga daraktocin da ba sa aikin yau da kullum. Kada masu sa hannun su zama wa da ƙane, ko suruki da surukinsa. Kada kuma a sa hannu a farar cek don wani zai tafi Umara. Saƙon banki na shiga da fita ya riƙa zuwa wayar mutum na uku wanda ba ya cikin masu sa hannu. A ƙarshen kowane wata, wanda bai taɓa kuɗin ba ya karɓo takardar bayanin asusu daga banki da kansa, ya gwada ta da littafin kamfani layi bayan layi. Idan ma'aji ne ke kawo takardar a buge, ba a yi komai ba, domin gyara lamba a kwamfuta aikin minti biyar ne.

Idan hatsi ne jarin, sito shi ne bankin. Makulli biyu a hannun mutum biyu, littafin shiga da fita mai lambar shafi, da ƙirga buhu a gaban shaida duk wata. A riƙa buɗe wasu buhunan tsakiya da na ƙasa ana aunawa, saboda ƙwari da laima suna cin nauyi, kuma tsarin buhunan gaba yana iya ɓoye ramin da ke baya. A amince tun farko kan raguwar da za a ɗauka a matsayin ta al'ada, a rubuta. In ba haka ba, duk buhun da ya ɓace za a ce ƙwari ne.

A kan tsabar kuɗi, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar fiye da naira miliyan 5, kamfani kuma fiye da miliyan 10, sai ta hanyar banki. Mai kawo jari ya ba da NIN da BVN, a kuma tambaye shi tushen kuɗin idan sun yi wa sana'arsa yawa. A jihar da ta sha fama da satar shanu da karɓar kuɗin fansa, wannan tambaya kariya ce ga sauran masu jari, domin asusun da aka rufe saboda kuɗin mutum ɗaya, na kowa aka rufe.

Su wa za su zauna a hukumar daraktoci

Dokar kamfanoni ta 2020, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na wannan shekarar, ta hana mutum ɗaya zama ciyaman kuma babban manaja a kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki. Ta hana mutum zama darakta a irin waɗannan kamfanoni fiye da biyar. Ta tsara kwamitin binciken kuɗi mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba ma'aikata ba. Gyaran da aka yi mata a 2023 ya ce kashi ɗaya cikin uku na daraktoci su zama masu zaman kansu. Ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta ƙasa ta 2018, mai ginshiƙai 28, ta ƙara da cewa hukumar ta zauna aƙalla sau ɗaya duk wata uku, darakta mai zaman kansa kada ya wuce shekara tara, kamfanin odita kuma kada ya wuce shekara goma a jere.

Da yawa daga cikin waɗannan ba su wajaba a kan ƙaramin kamfani mai zaman kansa ba. Shawararmu ita ce a ɗauke su duk da haka, domin dalilin kafa su bai san girman kamfani ba. Mutum biyar ko bakwai sun isa. A samu wanda ya iya karanta lissafin kuɗi da gaske, da wanda ya san kasuwar da ake zuba jarin, da wanda ya san doka. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne cika kujeru da manyan mutane don sunansu ya jawo jama'a: mai sarauta, tsohon babban sakatare, fitaccen malami. Sunan yana jawo kuɗi, amma mai sunan sau da yawa ba ya zuwa taro, in ya zo kuma ba wanda zai iya musa masa. Ga shi doka ba ta san daraktan girmamawa ba. Wanda ya bari aka sa sunansa ya ɗauki alhakin. Idan ana son albarkar dattijo, a yi masa kujerar uban ƙungiya, a bar kujerar darakta ga mai zuwa ya yi tambaya.

Darakta mai zaman kansa kuwa shi ne wanda ba ya cin abinci a hannun manaja: ba ɗan uwansa ba, ba yaronsa na kasuwa ba, ba mai kwangila da kamfanin ba, ba wanda kamfanin ke bi bashi ba. A garin da kusan kowa ke da dangantaka da kowa, samun irinsa yana da wuya, shi ya sa ya halatta a nemo shi daga Funtuwa ko Daura ko Kano.

Takardun taro su isa hannun daraktoci mako guda kafin zama. A rubuta abin da aka yanke, da dalilin, da sunan wanda bai yarda ba. Wannan na ƙarshe yana da nauyi a al'adarmu, inda ake so a ce an tashi baki ɗaya. Amma rubutaccen sabani shi ne kariyar darakta ranar da za a bincika.

Inda son zuciya ke shigowa

Abin da ya faru a bankuna a 2009 darasi ne. A watan Agusta na shekarar, Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya cire shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, ya zuba wa bankunan naira biliyan 420. Daga cikin abin da aka gano akwai basussukan da ba a biya ba, da aka ba na jiki da kamfanonin da ke da alaƙa da shugabanni, da waɗanda aka bayar don sayen hannun jari kafin kasuwar ta faɗi a 2008. Dukkan bankunan suna da hukumar daraktoci da odita a takarda.

A ƙaramin mataki, ga yadda son zuciya ke zuwa. Kamfani zai yi hayar sito, sai ya zama na ƙanen ciyaman. Za a sayi taki, sai ya zama daga shagon darakta. Wannan ba haramun ba ne a kan kansa, wani lokacin ma shi ne mafi arha. Hanyar ita ce mai alaƙar ya faɗa da bakinsa kafin a fara magana, a rubuta, ya fita daga ɗakin, a kawo farashin wasu mutum biyu ko uku a gwada, sauran su yanke, a kuma bayyana cinikin a rahoton shekara. Fitar tana da muhimmanci. Wanda ya ce ba zai jefa ƙuri'a ba amma yana zaune yana kallon fuskoki, ya riga ya jefa. Kowane darakta ya cika takarda a farkon shekara mai nuna kasuwancinsa da na matansa da 'ya'yansa da 'yan uwansa na kusa.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Manaja ya san kamfani zai sayi buhu dubu biyu na masara mako mai zuwa, ya san sayen zai ɗaga farashi a kasuwar, sai ya riga ya saya wa kansa, daga baya ya sayar wa kamfanin ta hannun wani. A kasuwar hannun jari laifi ne babba yin ciniki da labarin da jama'a ba su samu ba, shi ya sa NGX, kasuwar hannun jari ta Nijeriya, ke rufe wa daraktoci da na jikinsu ƙofar ciniki kafin fitar da sakamakon kuɗi, har sai awa 24 bayan an sanar. A kamfanin hatsi ma a yi doka irinta: ma'aikaci ba zai sayi kayan da kamfani ke shirin saya ba sai kamfani ya gama, kuma sai ya nemi izini a rubuce. Haka idan an saya wa mutane da yawa kaya a farashi daban-daban, a raba musu a kan matsakaicin farashi. Kada mai arha ya tafi ga Alhaji babba, mai tsada ga malamar firamare.

Batun kyauta sai an yi hankali, domin mayar da goron sallah cin fuska ne. Mafita ita ce littafin kyauta: duk abin da ma'aikaci ya samu daga mai hulɗa da kamfani a rubuta, a sa iyaka, misali naira dubu 20, abin da ya haura ya zama na kamfani ko a mayar da shi da wasiƙar godiya mai ambaton dokar kamfani. Kujerar Makka daga mai neman kwangila ba ta shiga lissafin ihsani. La'adar da dillali ko wani kamfani ke ba ma'aikaci don ya tura masa masu jari kuma dole mai jarin ya sani kafin ya sa hannu.

Alkawarin riba, da jarin da bai dace da mai shi ba

Yawancin masu kawo kuɗi a Katsina suna gudun kuɗin ruwa, don haka ana amfani da mudaraba, wadda malaman fiƙihu ke kira ƙiradi, wato wani ya kawo jari wani ya juya, a raba riba. Sharaɗinta a fili yake: rabon riba kaso ne, ba adadi tsayayye ba, kuma asara tana kan mai jari sai in an tabbatar da sakaci ko ha'inci ko saɓa sharaɗi. Misali, jarin naira miliyan 10, an amince kashi 70 ga masu jari, 30 ga mai juyawa. Aka ci ribar miliyan 2, masu jari na da miliyan 1.4, mai juyawa dubu 600. Aka yi asarar miliyan 1 ba da sakaci ba, uwar kuɗi ta koma miliyan 9, shi kuma ya yi aikin banza. Wanda ya ce zai ba ka dubu 100 duk wata a kan miliyan ɗaya kuma uwar kuɗinka na nan daram, ya fita daga ƙiradi ko da ya rubuta sunan a saman takarda. Lissafin ma ya tona shi: kashi 10 duk wata, in ana mayar da ribar, yana mai da miliyan ɗaya ya haura miliyan uku a shekara. In an kwatanta, sukuk na farko na gwamnatin tarayya a 2017, na naira biliyan 100, kashi 16.47 ya biya a shekara.

A rubuta yarjejeniya ko da tsakanin 'yan uwa ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Takardar ta faɗi kason riba, da kasuwancin da aka yarda a shiga, da kuɗaɗen da za a cire kafin rabo, da yadda mai son fita zai fita da wa'adin sanarwa. Kuɗin da ake cirewa kafin rabo su ne ƙofar da riba ke zurarewa, don haka a lissafa su ɗaya bayan ɗaya.

Idan hannun jari ake saya da sunan halal, a bi ma'auni sananne. Na hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya ce asalin sana'ar kamfanin ta zama halal, bashinsa mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigarsa marasa tsabta kada su wuce kashi 5, kuma a fitar da wannan kason daga ribar a bayar. In kashi 3 ne, a ribar dubu 100 za a fitar da dubu 3. Bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus, kowanne yana da kwamitin malamai masu duba ayyukansa. Ƙaramin kamfani ma ya samu malamin da ya san fiƙihun ciniki, ya ga takardun da idonsa, kuma kada alawus ɗinsa ya dogara da yawan ribar da aka ci.

Halaccin jari bai sa ya dace da kowa ba. Kuɗin marayu, garatutin ɗan fansho, kuɗin da aka tara don kujerar Hajjin bana, ba a sa su inda farashi ke iya faɗuwa kashi 30 cikin wata uku. Tambayoyi huɗu kafin a karɓa: yaushe za ka buƙaci kuɗin, kana da wata hanyar samu, kashi nawa ne wannan na abin da ka mallaka, in ya ragu da kashi ɗaya cikin uku me zai same ka. A yi bayanin da Hausa, a rubuta amsoshin. Idan Hajiya ce mai kuɗin amma ɗanta ne ke zuwa, a ji daga bakinta, lambar wayarta kuma ita ce za ta hau asusun.

Lokacin da doka ta yi shiru

Wasu shawarwarin ba a rubuce suke a ko'ina ba. Nan ne ake bin tsari. A fara da tattara gaskiyar magana, a ware abin da aka sani daga abin da aka ji. A tambaya dukiyar wa ce, domin hakkin mai jari yana gaban na kamfani, na kamfani yana gaban na ma'aikaci. A duba wa zai amfana a cikin masu yanke shawarar. Sannan a kira matsin da ake ciki da sunansa: kunyar ubangida ce, ko tsoron rasa babban mai jari, ko gaggawar cewa kasuwa za ta wuce. Gaggawa ce ta fi kashe tsari, don haka duk cinikin da aka ce ba zai jira awa 48 ba, a ƙara masa ido. A nemi ra'ayin wanda ba shi da kaso. Daga ƙarshe a gwada rubuta dalilin a littafin taro kamar yadda yake, a yi tunanin karanta shi a gaban masu jari a taron shekara. In sai an canja kalmomin kafin a iya karantawa, shawarar ce ke da matsala.

Ƙaramin ma'aikaci yakan ga ɓarna kafin kowa. A ba shi hanyar kai magana ga shugaban kwamitin binciken kuɗi kai tsaye, ba ta ofishin manaja ba, a kuma rubuta cewa ba za a kore shi ko a yi masa canjin wurin aiki don haka ba.

Idan aka gano giɓi

A dakatar da karɓar sabon kuɗi a ranar. Nan ne kamfanonin gaskiya ke rikiɗewa su zama na damfara: an yi asara, an ji kunyar faɗa, sai a biya ribar wannan wata daga kuɗin sabon shiga da niyyar cikewa in kasuwa ta gyaru. A dakatar da biyan kowa shi ma, domin masu kusanci da shugabanni su ke fara jin labari su janye nasu, a bar na nesa da asara. A canja masu sa hannu, a kulle littattafai da kwamfuta, a kira taron gaggawa na daraktoci, a kawo odita daga waje wanda ba shi ne ya saba duba kamfanin ba. A sanar da masu jari duka a lokaci ɗaya, da adadi, a rubuce. Kamfani mai rajista da SEC ya sanar da hukumar, ƙungiyar gama kai kuma ta sanar da ofishin da ya yi mata rajista a jiha. Sulhun dattawa yana da amfani wajen karɓo abin da za a iya karɓowa, amma bayan an san adadin, kuma a rubuce da jingina da wa'adi. Mai jarin da bai gamsu ba ya fara kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin ya riƙe kwafi mai hatimi, daga nan SEC, daga nan kotun musamman ta harkokin zuba jari. In akwai alamar sata, EFCC ko 'yan sanda.